Bubu Hama da Tambayar da Ƴan Ajina Suka Kasa Amsawa

Wata safiya cikin watan Nuwamba, sanyi ya fara shigowa Dakoro, na ɗauki alli na rubuta kalmomi biyu a bisa allo: Birnin Lalle. Na juyo na tambayi ƴan ajin ƙarshe na firamare ko wa zai gaya mini abin da ya sani game da wannan gari. Hannuwa suka tashi. Wani ya ce garin kakarsa ne. Wata ta ce babanta yana zuwa can cin kasuwa. Wani kuma ya ce ya taɓa ratsawa ta wurin cikin mota. Duk gaskiya suka faɗa. Sai dai babu ko ɗaya da ya ce a nan sarakunan Gobir suka zauna tun ba a san Alkalawa ba, balle Tsibiri.

Ban ji haushin yaran ba, domin da a shekarunsu aka yi mini wannan tambaya, irin amsar da zan bayar ke nan. Na gama firamare, na gama kwaleji, na shiga makarantar horon malamai na fito da takardar shaida, ina iya jero daulolin Gana da Mali da Songai, ina iya ba da labarin hajin Kankan Musa, amma garin da ke nan kusa da mu ban san darajarsa ba. Sai da na shekara da yawa ina koyarwa wani tsohon mushe da ya yi ritaya ya ara mini wani littafi da bangonsa ya yage, ya ce in karanta in maido masa. Sunan littafin Histoire du Gobir et de Sokoto, wato tarihin Gobir da Sakkwato, an buga shi a 1967. Marubucinsa Bubu Hama, wanda ake rubutawa Boubou Hama da Faransanci.

Da yawanmu mun san wannan suna a bakin ƙofar gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, inda ake kai yara kallon zakuna da ƙasusuwan dabbobin da. Kaɗan ne suka san cewa mai sunan malamin lakwal ne kamar mu, kuma tambayar da ta dame shi tsawon rayuwarsa ita ce wadda ta hana ni barci a daren ranar: me yaro zai zama idan makaranta ta koya masa sanin ko'ina ban da inda yake tsaye?

Daga Foneko zuwa Gore

An haifi Bubu Hama a 1906 a Foneko, wani ƙauyen Songai kusa da Tera, a yammacin ƙasar nan. A wancan zamani iyaye ba su kai ƴaƴansu lakwal da son ransu. Nasara ne ke ɗora wa sarakuna adadin yaran da za su kawo, su kuma su bi gida gida. Ya fara karatu a Tera, ya wuce Dori, daga nan Wagadugu, domin a lokacin yankinsu yana haɗe da Dori. Daga bisani ya samu shiga makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal, wadda ita ce babbar makarantar horon malamai ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Nan su Modibo Keita na Mali suka yi karatu, nan ma Jori Hamani ya yi. Bubu Hama ya fito a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya samu takardar zama cikakken malamin makaranta daga can.

Mu tsaya a kan wannan shekara. A 1929 shekara uku kacal ke nan da mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Abin da ake koya wa ɗan Afirka a aji shi ne tarihinsa ya fara ranar da Bature ya iso, abin da ya gabata kuwa duhu ne da yaƙe-yaƙe da bauta. Ba ƙananan ma'aikata kawai ke faɗin haka ba. Tun farkon ƙarni na 19 babban masanin falsafa na Jamus, Hegel, ya cire Afirka baƙar fata daga cikin tarihin duniya a darussansa. Kada kuma a ɗauka maganar ta mutu: a watan Yuli na 2007 shugaban Faransa Sarkozy ya tsaya a jami'ar Dakar ya maimaita kusan irinta. To, saurayi ɗan shekara ashirin da uku da aka ba alli aka ce ya koyar da wannan darasi, hanya biyu ce gabansa. Ko ya haɗiye ya maimaita, ko ya koma ya tambayi tsofaffin garinsu. Bubu Hama ya ɗauki ta biyu.

Ya koyar a Yamai da Tilaberi da Dori. A cikin wannan yawo ya haɗu da wani likita Bafaranshe, Jean Boulnois, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa ya rubuta abin da yake tattarawa. Aikinsu na haɗin gwiwa ya fito a 1954 da sunan L'Empire de Gao, a kan tarihi da al'adun Songai. A cikin shekarun 1950 ya riƙe reshen Yamai na cibiyar bincike ta IFAN. Tun kafin nan ya shiga siyasa: yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a 1946, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. Daga 1958 har zuwa 1974 shi ne shugaban majalisar dokoki, shi ne kuma shugaban jam'iyya.

Mai tattara abin da ke shirin ɓacewa

Abin mamaki shi ne a cikin waɗannan shekaru na mulki ya yi mafi yawan rubutunsa. Littattafansa sun haura arba'in. A tsakanin 1966 da 1968 kaɗai ya fitar da bincike a kan tushen haɗin kan Afirka, da tarihin Zabarmawa da Songai, da na Buzaye, da na Fulani, da wannan na Gobir da Sakkwato da ya zo hannuna. Duba jerin da kyau. Mutumin Tera ne, amma bai tsaya ga kabilarsa ba. Ƙasar da aka ba su a 1960 iyakokinta Turawa suka shata, shi kuwa yana so ya nuna cewa mutanen da ke cikinta sun daɗe da sanin juna ta hanyar fatauci da aure da malanta da yaƙi, tun kafin a ja layi a bisa taswira.

Bai tsaya ga rubutu ba. Da hannunsa a kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, shi ya sa yau yake ɗauke da sunansa. Ya sa an bi gidajen malamai ana neman tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, ana saye ko ana kwafa. Wannan taska ita ce tushen sashen rubutattun littattafai na cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, inda yau ake ajiye da dubbai. Ya kuma tsaya tsayin daka aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka. Ya tattara tatsuniyoyi da hikayoyi a jerin Contes et légendes du Niger, ya rubuta wa yara littattafai tare da Andrée Clair, kuma daga wani labarinsa Mustafa Alasan ya shirya fim ɗin Toula a 1973.

Wanda bai taɓa zama gaban tsoho da biro da kaye ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Tsoho ba ya ba ka labari don ka tambaya. Sai ya ga ka dawo sau biyu sau uku, ya san ɗan wane ne kai, ya tabbata ba dariya ka zo yi masa ba. Idan ka yi jinkiri kuma, ka dawo ka tarar ana zaman makoki.

Abin da na koya game da Birnin Lalle

Ga taƙaitaccen abin da ya kamata kowane yaron Dakoro ya sani. Bisa ga abin da Gobirawa ke riƙe da shi, kuma masana suka yarda da jigonsa, sun zauna a Asbin, ƙasar duwatsun Agadas, kafin ƙarfin Buzaye ya sa su gangaro kudu. Birnin Lalle na cikin manyan wuraren da sarautarsu ta zauna a wannan tafiya. Daga nan suka ci gaba da matsawa kudu da yamma, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara ya kafa Alkalawa. A Alkalawa aka yi Bawa Jan Gwarzo, a ƙasar Gobir kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi. Jihadi ya tashi a 1804, Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a yaƙin Gawakuke, bayan haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda sarautar Gobir take har yau. Wato hanyar da ta haɗa Agadas da Sakkwato ta ƙofar gidanmu ta bi.

Ba zan ɓoye wa ƴan uwana malamai ba, littafin yana da wahalar karantawa. Bubu Hama yakan jero ruwayoyi da yawa, ya kawo dogayen sassa daga rubutun wasu, har da na Turawan mulkin mallaka, ba kullum yake tsayawa ya tace wanne ya fi inganci ba. Yana da sha'awar labaran da ke cewa kabila kaza daga gabas ta fito, daga Masar ko Yaman. Game da Gobir wannan magana tsohuwa ce, domin Muhammadu Bello ma ya kawo ruwayar da ke danganta sarakunan Gobir da Kibɗawan Masar a cikin Infaƙul Maisuri. Masanan da suka biyo baya sun fi taka tsantsan. Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman a jami'ar Zariya sun nuna cewa irin waɗannan labarai na baƙo daga gabas sau da yawa sun fi gaya mana yadda masu sarauta ke son a gan su, bisa ga yadda abin ya faru. Littafin Bala Usman a kan Katsina, na 1981, ya bi yadda garuruwa da sana'o'i da sarautu suka tsiro daga cikin ƙasar kanta. A nan gida Jibo Hamani ya yi irin wannan aiki a kan Adar da Asbin, André Salifou kuma a kan Damagaram.

Wannan bai rage wa Bubu Hama daraja a wurina ba. Mai sussuka da mai shiƙa aikinsu daban, amma dukansu sai an yi girbi an kawo damma gida. Shi ya yi girbin, a lokacin da tsofaffin da suka ga zuwan Nasara da idonsu suke raye.

Mai tunani a kan lokaci da ci gaba

Da tattara labarai kawai ya yi, da mun kira shi marubucin tarihi mu wuce. Abin da ya sa ake sa shi cikin masu falsafa shi ne ya tambayi mene ne amfanin tarihin, kuma ina Afirka ta dosa.

A kundin tarihin Afirka na UNESCO, juzu'i na farko, shi da Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso suka rubuta babin da ya yi magana a kan matsayin tarihi a cikin al'ummar Afirka. Jigon maganarsu shi ne mutanen da ba su rubuta shekaru da lambobi ba, ba su rasa sanin tarihi ba. Suna auna lokaci da abin da ya faru da jama'a, suna kuma ganin magabata da masu rai da waɗanda ba a haifa ba a matsayin gida ɗaya. Da na karanta sai na tuna da tsofaffinmu. Ka tambayi wata gwaggo shekarar aurenta, ba za ta ce 1984 ba, za ta ce shekarar El Buhari, yunwar da ta zo daidai da lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Kakanninmu kuma da Kakalaba suke lissafi, yunwar 1913 zuwa 1914. Sunan da ke kan shekara yana ɗauke da dalili da ciwo da darasi, abin da lamba ba ta ɗauka. Yaro yana bukatar duka biyun, lambar don jarrabawa da lissafi, sunan don ya san abin da ya sami mutanensa.

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Kotia-Nima, wanda ya samu babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata. Kotiya da Zabarmanci yaro ke nan. Labarin rayuwarsa ne a cikin rigar wani yaro da aka ɗauke daga ƙauye aka kai makarantar Nasara, ya tashi da duniya biyu a cikin kansa. Duk wanda ya taɓa dawowa hutu daga kwaleji ya ji kunyar cin tuwo da hannu a gaban abokai, ko ya gyara wa mahaifinsa magana, zai gane kansa a ciki.

A 1972 ya fitar da Le retard de l'Afrique, wato ci bayan Afirka. Bai musa cewa Turai ta wuce mu a kimiyya da ƙere-ƙere ba, kuma yana so mu koye su ba tare da wasa ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce wanda ya fi injuna ya fi mutuntaka. A ganinsa Turai ta biya ci gabanta da tsada: mutum ya koma kayan aiki, zumunci ya yi rauni, an yi yaƙin duniya biyu a cikin shekara talatin. Afirka da ta makara tana da sauran abin da waɗancan suka zubar a hanya, kuma wanda ya zo daga baya yana da damar ganin ramin da na gaba ya faɗa. Burinsa a haɗa ilimin sarrafa abu da ilimin zama da mutane. A littafin da ya biyo baya a 1973, Le double d'hier rencontre demain, ya ɗauko tunanin Songai na cewa kowane mutum yana da wani na biyu da ba a gani, abin da kurwa ta fi kusa da shi a Hausa, ya yi amfani da shi wajen nuna jiya tana tafiya tare da mu zuwa gobe. Ga iyayen da irin wannan zai dame su ta fuskar addini, ni dai ina karanta waɗannan sassa a matsayin shaidar yadda mutanen da suka fahimci duniya. Sanin abin da kakanni suka yi imani da shi daban, bin sa daban.

A kan tarbiyya kuwa, ya rubuta Essai d'analyse de l'éducation africaine a 1968, inda ya nuna cewa kafin lakwal akwai tsarin reno mai matakai: goyon uwa, tatsuniyar dare, wasa da tsara, aikin gona ko kiwo ko sana'ar gida, har yaro ya zama mutum. Shekara huɗu kafin nan Abdu Mumuni ya fitar da nasa littafin a kan ilimi a Afirka, inda ya dage a koyar da yara da harshen uwa. Su biyun ba jirgi ɗaya suka hau a siyasa ba, amma a kan cewa makarantar da aka gada daga Nasara tana raba yaro da gidansu, bakinsu ya zo ɗaya.

Inda na saɓa da shi

Maganar cewa ci bayanmu taska ce tana da daɗin ji, amma tana da haɗari idan ta faɗa bakin malalaci. Na koyar a ajin zana wanda iska ke ɗauke wa rufi. Na ga yarinya mai ƙoƙari an cire ta daga aji tana shekara goma sha uku an ce al'ada ce. Uwar da ta rasa ɗa saboda asibiti ya yi nisa ba za ka ce mata ta gode wa ci baya ba. Al'adar da muka gada akwai zumunci da kunya da karɓar baƙo a cikinta, akwai kuma bauta da raina mai sana'a da danne mace. Bubu Hama ya fi ba da ƙarfi ga kyawawan, watakila domin a zamaninsa munanan kaɗai ake faɗa. Mu da muka zo bayansa, aikinmu mu faɗi duka biyun.

Sai babbar magana, wadda ba a cika so a taɓa ba. Mutumin da ya rubuta littattafai a kan mutuntakar Afirka shi ne shugaban jam'iyyar da ta mulki ƙasar nan ita kaɗai shekara goma sha biyar. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ce a'a ga Faransa, PPN ta nemi a ce i, kuma i ta yi nasara da goyon bayan hukumar mulkin mallaka. A 1959 aka haramta Sawaba. A 1964 ƴan Sawaba suka shigo da makamai, gwamnati ta murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso, kuma tsanani ya ƙaru bayan jefa wa Shugaba Jori gurneti a filin idi a watan Afrilu na 1965. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya rubuta babban littafi a kan wannan a 2013, bayan ya zauna da tsofaffin ƴan Sawaba da yawa. Ƙasar Hausa, daga Maraɗi zuwa Tasawa da Damagaram, na cikin wuraren da Sawaba ta fi ƙarfi, saboda haka akwai gidajen da har yau wannan zamani ciwo ne a wurinsu. Bubu Hama yana tsakiyar wannan mulki, ba a gefensa ba.

Ƙarshen mulkin ma darasi ne. Fari ya yi shekaru yana cin ƙasa, dabbobin makiyayan arewacinmu suka ƙare, mutane suka cika bakin garuruwa, ana ta ƙorafi a kan yadda ake raba taimakon abinci. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka yi juyin mulki a ƙarƙashin Seini Kunce. Aka kama Bubu Hama yana dab da shekara saba'in, aka tsare shi a Agadas. An sake shi bayan ƴan shekaru, ya rasu a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982.

Wani abokin aikina ya ce mini bai kamata a gaya wa yara wannan ɓangare ba, kada a zubar da mutuncin manya. Ni ina ganin ɓoyewar ce cin amanar abin da shi kansa ya koyar. Idan tarihi kirari ne kawai, maroƙa sun fi mu iyawa. Yaron da aka nuna masa cewa mutum ɗaya yana iya ceto dubban littattafai daga gara, kuma ya zauna a kan kujerar mulkin da ya rufe bakin abokan hamayya, ya koyi abin da zai amfane shi ranar da shi ma aka ba shi wuƙa da nama.

Abin da na gwada a aji

Bayan waccan safiya na ba yaran aikin gida. Kowa ya je wurin wanda ya fi tsufa a gidansu ya yi tambaya uku: daga ina kakanninmu suka zo nan, wa ya gina rijiyar da muke sha, wace shekara ce ta fi wuya kuma mene ne sunanta. Na ce su rubuta da Hausa, wanda kuma aka ba shi labari da Fulatanci ko Buzanci ya rubuta yadda ya iya, mu fassara tare.

Yara biyu suka kawo labarin rijiya ɗaya. Ɗan manomi ya ce kakansa ya gina ta, makiyaya suka zo daga baya suna roƙon ruwa. Ɗan makiyayi ya ce kakansa ya biya aka gina ta, manoma suka zo suka yi gonaki kewaye da ita. Aji ya ɗauki zafi, kowa ya koma bayan nasa. Na ce to, yau za mu yi aikin masu tarihi. Wa ya gaya maka? Shi ya gani da idonsa ko ji ya yi? Me zai samu idan aka yarda da nasa? Akwai na uku da za a tambaya wanda ba shi da gona ko garke a wurin? Ba mu gano wanda ya gina rijiyar ba. Amma yaran sun fita sun san cewa labarin gidansu ruwaya ce guda cikin ruwayoyi, kuma maƙwabci ma yana da kaka.

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne. Mu a Dakoro muna zaune ne a inda gona da makiyaya suke haɗuwa. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta bi ta wajen kwarin Tarka, majalisar da Bubu Hama ke shugabanta ce ta yi ta, kuma kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake ta. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a cikin jiharmu. Kowace irin wannan fitina da labarin wa ya riga wa zuwa take farawa. Yaron da ya saba tambayar ina hujja, da wuya a ba shi adda a ce ya bi.

Ga malamai da iyaye

Akwai wani abin takaici a cikin aikin Bubu Hama: ya karɓo labarai daga bakin tsofaffi da harsunanmu, ya rubuta su da Faransanci, aka buga mafi yawansu a Paris. Jikokin waɗanda suka ba shi labarin ba su iya karantawa, waɗanda suka iya kuma ba su samun littafin. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta rubuta littafi. Idan ba mu zauna mun mayar da tarihin Gobir da Katsina da Adar da Damagaram cikin Hausa mai sauƙi ba, tare da gyaran da masanan baya suka yi, to yaro zai riƙa karanta fanko da harshen uwarsa kamar yadda ya karanta shi da na Nasara.

Ƴan uwana malamai, ba sai mun jira an aiko mana da sabon tsari daga Yamai ba. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya, abin da Bubu Hama bai samu ba lokacin da yake yawo da fensir. Mu ɗauki tsoho ɗaya a wannan shekara, mu nemi izninsa, mu rubuta sunan garin da ranar da aka yi hirar, mu ajiye kwafi a makaranta. Idan muka haɗu a taron ƙara wa juna sani, mu yi musayar abin da muka samu.

Iyaye kuma, idan yaro ya zo da irin wannan tambaya, don Allah kada a ce masa ya tafi ya ba mutane wuri. Kaka da ba ta taɓa shiga aji ba tana riƙe da darasin da babu shi a littafin mushe. A kashe rediyo da waya na rabin awa bayan sallar isha'i, a bar ta ta yi magana.

Littafin nan na maido wa mai shi, bayan na kwafe abin da nake bukata a kaye biyu. Bana ina shirin neman iznin iyaye da na hukumar makaranta in kai ƴan ajina Birnin Lalle, mu gaida dattawan garin, mu zauna mu saurara. Allah Ya jiƙan Bubu Hama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan waɗanda suka sha wuya a wancan zamani, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka damƙa mana.